Daga Kano zuwa Lacock: Bin Sawun Hotunan Yara na Farko

Duk mai aikin gyara da adana tsofaffin hotuna ya san fuskar kwamfuta ba ta faɗin gaskiya duka. Hoton da aka yi a kan farantin azurfa, da na kan gilashi, da na kan baƙin ƙarfe, da na takardar da aka shafe da farin ƙwai, da zarar sikana ta bi ta kansu sai su fito iri ɗaya. Bambancinsu ba ya bayyana sai ka karkata abin ga haske da hannunka. Wannan ya tashe ni daga Kano zuwa Ingila a watan Oktoban 2024, don in ga hotunan yara da iyalai na tsakanin 1840 da 1870 da ke ajiye a gidajen tarihinsu.

Kuɗin bizar ziyara ta wata shida fam 115 ne a lokacin, fam ɗaya kuma ya haura naira 2,000, sai mai karatu ya riƙa yin lissafi duk inda na ambaci fam. Akwai kuma shirin da ya fi na biza saurin kuɓuce wa mutane. Abin da gidan tarihi ke ratayewa a bango ɗan kaɗan ne cikin abin da ya mallaka, sauran suna akwatuna a ma'ajiya. In akwai hoton da kake son gani takamaimai, tun kana gida za ka shiga kundinsu na intanet, ka kwafo lambar rajistarsa, ka nemi a sa maka rana a ɗakin nazari. Wanda ya tafi haka siddan, abin da aka rataya kawai zai gani ya dawo.

Mun bar tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Zariya. Shingaye na nan yadda aka san su, yawanci direba ke gamawa da su ta taga. Wuri ɗaya ne aka ce kowa ya sauko da jakarsa. A tawa aka ci karo da gilashin ƙara girma, da 'yar tocila, da maganaɗisu, da na'urar auna haske, da ta auna laima.

"Malam, waɗannan fa?"

"Yallaɓai, kayan duba tsofaffin hotuna ne."

Ya ɗauki na'urar laimar ya hura mata iska da baki, ya ga lamba ta haura, ya yi dariya ya miƙo mini. A Kaduna na bar mota na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Ta intanet ake sayen tikiti, da lambar katin ɗan ƙasa. Na kwana wajen 'yan'uwa a Lugbe. Tafiyar sama daga Abuja zuwa Heathrow awa shida ce da ɗoriya, babu abin faɗi a cikinta.

Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, da inda zan sauka, da ranar komawa. Takardar alƙawarin ɗakin nazari da na buga tun daga gida ita ta taƙaita zancen. Kilishi da man shanu kuwa kada ma mutum ya ɗauko, doka ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da kayan madara. Ƙuli-ƙuli da dabino suka raka ni.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari bai kai fam 6 ba. Na sauka a Whitechapel, gabashin Landan, saboda babban masallaci na nan kusa, gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash kuma sun cika titin. Ɗakin da na samu, gado ɗaya da taga ɗaya, banɗaki na haɗaka, wajen fam 60 a dare. Da wannan kuɗin a Kano otal mai wurin wanka za ka kwana. Shinkafa da miyar kaza mai yaji fam 8 zuwa 10. Da rana kuwa biredi mai kifi da ruwan kwalba daga kanti, fam 4. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi ko kaɗan, da kati ake biya, fam 1.75 a lokacin. Buta babu a ko'ina, sai ka riƙe robar ruwa a jaka.

Darasin farko ban same shi a gidan tarihi ba, a bakin titi na same shi. Ranar Kano idan ta take tana kusantar lakis (ma'aunin ƙarfin haske) 100,000 a na'urar auna haske. A Landan, ƙarfe goma sha biyu na rana ƙarƙashin hadarin Oktoba, na'urar ta kasa kai 10,000. Ma'ana, hoton da za ka ɗauka cikin sakan ɗaya a gida, a can sai ka ba shi goma ko fiye. Ƙara da hayaƙin kwal da ya rufe garin a wancan ƙarni. Shi ya sa lokacin da Richard Beard ya buɗe situdiyon ɗaukar mutane na farko a Landan, a watan Maris na 1841, a saman rufin wani gini da ke titin Regent ya kafa shi. Waɗanda suka biyo baya ma sama suka riƙa hawa, ɗaki mai rufin gilashi yana kallon arewa don haske ya zo lallausa ba tare da inuwa mai kaifi ba. Kusan duk wani abin mamaki da ke cikin hoton yaro na wancan zamani, daga wannan ƙarancin hasken ya samo asali.

Layin District ya kai ni South Kensington kai tsaye, inda gidan tarihi na Victoria da Albert yake, wanda ake taƙaitawa V&A. Shiga kyauta ne. Tun 1852 suke tara hotuna, a 2017 kuma aka kawo musu tarin Ƙungiyar Masu Hoto ta Masarauta daga Bradford, hotuna kimanin 270,000. Sashen hoto an faɗaɗa shi a watan Mayun 2023 ya zama zaure bakwai. Da shigarka za ka ji kamar an ɗauke wuta. Da gangan ne: lakis 50 ake ba tsohon hoto, kuma ba a barin sa a bango har abada, ana sauke shi ya koma akwati a rataya wani, domin ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta warkewa.

Mafarin abin shi ne dagerotaif, dabarar Louis Daguerre da aka bayyana a Faris a 1839. Farantin jan ƙarfe ne da aka lulluɓe fuskarsa da azurfa, a goge har ya zama madubi. Sai a turara shi da aidin a cikin akwati, daga baya aka ƙara da buromin don ya fi saurin kama haske. A sa a kyamara, a buɗe ido, a rufe. Ba a ganin komai sai an kifa shi a kan zaibar da aka ɗumama zuwa wajen digiri 75, tururinta ya manne a wuraren da haske ya taɓa. A wanke da fiksa, sinadarin da ke tsayar da hoto kada haske ya ƙara canza shi, a ɗumama masa ruwan zinariya a kai ya ƙara ƙarfi. Babu nagetif, kwafi ɗaya ne tak, hagu kuma ta koma dama. Girman da aka fi yi bai wuce santimita 7 da 8 ba. Ana ɗora masa firam na tagulla, sai gilashi, a manne gefen da takarda don kada iska ta shiga, a saka cikin ɗan akwati mai murfi da karan-miski. Hoton kansa kwance yake a saman azurfar kamar ƙurar hunturu a gilashin mota, yatsa ɗaya ya share shi.

Da farko mintuna ake yi a gaban kyamara. Idon kyamarar da Joseph Petzval ya ƙirƙiro a 1840, tare da buromin, suka sauko da shi ƙasa da minti ɗaya, ranar da aka yi sa'ar haske 'yan sakanni. Babba zai daure. Ɗan shekara biyu ba ya zama sakan uku. To a nan masu hoto suka shiga dabaru, kuma in ka san inda za ka duba, duk suna nan a cikin hoton.

Yaron da ya iya tsayuwa, ana jingina ƙeyarsa da wani ƙarfe mai baki biyu da ke kan sanda a bayansa. Dubi ƙasa bayan ƙafafunsa, za ka ga gindin sandar. Wanda bai kai nan ba ana ɗaure shi da ɗamara a jikin kujera, a ɓoye ƙullin a baya. Jinjiri ana jira ya ƙoshi ya yi barci. Wasu situdiyo sukan ce a kawo yara da hantsi zuwa azahar kawai, lokacin da haske ya fi ƙarfi, wasu kuma su ƙara kuɗi saboda farantin da za a ɓata. Duk da haka kusan ba ka samun hoton yaro da ya fito tas gaba ɗaya: kai ya tsaya, amma hannu ya zama hazo, ko ƙafar da ke lilo ta ɓace, ko idanu sun yi fari-fari saboda ƙifce. Rashin murmushi ma ba baƙin ciki ba ne. Murmushi ba ya tsayawa sakan goma a fuska ba tare da ya motsa ba, ga kuma al'adar zanen mutane da aka gada, wadda ke son fuska a kame.

Dabarar da ta fi jan hankalin mutane a yau ita ce uwa a ɓoye. Uwar za ta zauna a kujera, a lulluɓe ta daga kai har ƙasa da labule ko darduma ko baƙin mayafi, a ɗora mata yaron a cinya ta riƙe ƙugunsa ta ƙarƙashin mayafin. Yaro ya ji ɗumin uwarsa ya natsu, kyamara ta samu sakanninta. Bayan an wanke, firam ɗin tagulla mai siffar ƙwai zai rufe gefe-gefe, yaron kaɗai ya rage. Sai an cire firam ɗin ne siffar mutum a lulluɓe take bayyana, wani lokaci da yatsu huɗu a gefen rigar yaro. Wasu masu hoton ma kankare fuskar uwar suke yi, ko su shafe ta da baƙin fenti. Wata mai fasaha mazauniyar Italiya, Linda Fregni Nagler, ta tara irin waɗannan guda 997 ta baje su a Benis a 2013. Akwai masu karanta abin a matsayin danne mata. Ni dai abin da na fi gani shi ne ciniki: hoton yaro shi kaɗai aka biya, don a aika wa kakanni, mai hoto kuma ya nemi hanya mafi sauƙi. Ba ma kullum uwar ba ce, wani sa'in uban ne ko mai raino.

Akwai kuma hotunan yaran da suka rasu. A Ingilar wancan ƙarni, cikin jarirai 1,000 kimanin 150 ba sa cika shekara, don haka wani gidan hoton gawar shi ne kaɗai abin da ya rage musu na kamannin ɗansu. A wurinmu da ake sallatar mamaci a rufe shi cikin 'yan awanni, wannan baƙon abu ne ƙwarai. Sai dai a yi hattara da abin da ke yawo a intanet, inda duk yaron da aka ga gindin sanda a bayansa sai a ce gawa ce aka tsayar. Ba haka ba ne. Sandar ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin mutum, kai kawai take tallafewa. Yaron da ke tsaye rayayye ne. Hoton rasuwa na gaskiya ba ya ɓoye kansa: yaron na kwance a gado ko a cinyar uwa, sau da yawa da furanni, shi ya fito tas, ita kuma ta ɗan yi hazo don tana numfashi.

Wani kuskuren da ke yawan shiga rajista shi ne ɗaukar namiji a matsayin mace. A lokacin yara maza ma doguwar riga ake sa musu har wajen shekara huɗu zuwa bakwai. Tsagar gashi ce ke taimakawa: ta mace a tsakiya, ta namiji a gefe.

Da tocila a karkace ake karanta ɓarnar dagerotaif. Zobe mai launin shuɗi da ƙasa-ƙasa da ke shigowa daga gefe, alamar takardar mannewa ta yage iska ta shiga. Ɗigo-ɗigo kamar gumi a cikin gilashi, gilashin ne ke ruɓewa, sai a canza shi, farantin lafiyarsa lau. Amma zane-zanen da suka ratsa fuskar yaro, wannan aikin wani mai son tsafta ne da ya buɗe ya goga ƙyalle, kuma ba shi da magani. Hatta masana sun yi tasu ɓarnar a ƙarnin da ya wuce, da suka riƙa tsoma faranti a sinadaran wanke azurfa, tabon ya fito bayan shekaru.

Ranar ɗakin nazari aka karɓi jakata aka kulle, aka ce fensir kawai, ban da biro, ban da ruwa. Ma'aikaciyar ta kawo kwali, ta nuna mini yadda ake ɗaga hoto ta jikin kwalin da aka ɗora shi, hannu biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba a magana a kansa saboda tsartuwar yawu. Hotunan Clementina Hawarden na nema. Matar wani basarake ce, gidanta lamba 5 a Princes Gardens, 'yar tafiya kaɗan daga inda nake zaune. Ta ware bene guda na gidan ta kwashe kayan ɗaki, ta riƙa ɗaukar 'ya'yanta mata a bakin manyan tagogi, da madubi yana maido haske gefen da ke inuwa. Ta rasu a 1865 tana da shekara 42. A 1939 jikarta ta kawo wa gidan tarihin hotuna 775. Kusan duk kusurwoyinsu a yage suke, don daga albam aka ɓamɓaro su. Da albam ɗin ya zo yadda yake, da jerin hotunan da duk abin da aka rubuta a gefe sun tsira; da yake bai zo ba, sai da masu bincike suka bi fuska da tufafi da fasalin ɗaki kafin su gane wace ce wace.

Ita da jiƙaƙƙen kolodiyon ta yi aiki, dabarar da Frederick Scott Archer ya wallafa a 1851. Kolodiyon auduga ce da aka sarrafa da asid aka narkar cikin sinadarin ita (ether) da barasa, ya zama ruwa mai yauƙi. A zuba shi a tsakiyar gilashi mai tsafta, a karkata ya bi kusurwa huɗu, a tsiyaye ragowar. A tsoma cikin ruwan azurfa minti uku zuwa biyar a ɗakin duhu. A ɗauka, a wanke, duk cikin minti goma zuwa sha biyar, don in ya bushe ya mutu. Yi tunanin wannan da yaron da ya ƙi zama: gilashi na bushewa, yaro na kuka. Nagetif ɗin sai a kifa shi a kan takardar da aka shafe da farin ƙwai da gishiri aka kuma jiƙa da ruwan azurfa, a shanya a rana. Ana gane wannan takarda da abu uku: ƙyalli kaɗan, fararen wurare sun koma rawaya, da ƙananan tsage-tsage da gilashin ƙara girma ke nunawa.

Kolodiyon shuɗi yake gani, ja da rawaya duhu suke fito masa. Shuɗiyar riga ta zama fara, rawaya ta zama baƙa. Wannan ya shafi fata ma: fuska mai duhu tana buƙatar ƙarin lokaci ko farin allo mai maido haske, wanda bai yi hakan ba kuma sai ya fitar da mutum babu kamanni.

Julia Margaret Cameron ta bi wata hanya dabam. Tana da shekara 48 'yarta ta ba ta kyamara a ƙarshen 1863, ta maida akurkin kaji situdiyo, ɗakin ajiye kwal ɗakin duhu, a tsibirin Wight. Hoton da ta kira nasararta ta farko, a Janairun 1864, na wata yarinya ce Annie Philpot. Ba ta amfani da sandar ƙeya, ba ta damu da hazo ba, a wasu hotunanta har gashi da ƙura da sawun yatsa za ka gani. Masu sana'ar zamaninta sun yi ta sukarta. A ganina sun yi gaskiya a kan tsafta, sun yi kuskure a kan yaran: nata ne suka fi kama da masu rai. Gidan tarihin V&A tun 1865 ya fara sayen aikinta.

Gidan hotunan mutane na ƙasa, kusa da dandalin Trafalgar, shi ke riƙe da kundaye 12 na Camille Silvy, Bafaranshen da ya yi situdiyo a Bayswater daga 1859. Ba kullum ake fito da su ba, amma shafukan suna intanet. Duk wanda ya zauna gaban kyamararsa, sai a manna kwafi ɗaya a kundin, a rubuta lamba da suna da kwanan wata. Saboda wannan ɗabi'a ta ɗan kasuwa ne aka san cewa ranar 15 ga Satumba 1862 Sarah Forbes Bonetta, Bayarabiyar da aka kai Ingila tana yarinya a 1850 Sarauniya Victoria ta ɗauki nauyinta, ta zo ɗaukar hoto da angonta James Davies, attajirin Legas. Kwatanta da tsofaffin hotunan yaran Arewa da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan suka ɗauka. Sau da yawa abin da za ka tarar a ƙasa shi ne sunan ƙabila ko na gari kawai. Yaron yana da suna, yana da uba, ba a dai tambaya ba.

Asabar na tafi kasuwar Portobello, inda gwanjon tsofaffin kaya ke ci. A nan ake koyon aikin da hannu, don babu mai hana ka taɓawa. Hoton da ke ɓacewa yana dawowa in ka karkata shi, dagerotaif ne. Gilashi mai baƙin baya wanda ba ya ɓacewa, ambrotaif ne na shekarun 1850. Wanda maganaɗisu ya kama ta baya, tintaif ne, baƙin ƙarfe, hoton talaka, don shi ne mafi araha. Katin ziyara, hoton takarda manne a kati, wanda André Disdéri ya yi wa rajista a 1854, bai fi santimita 6 da 10 ba. In katin siriri ne mai kusurwa a tsaye, galibi na shekarun 1860 ne, in ya yi kauri kusurwa ta zagaye, na bayan nan ne. Na sayi 'yan katunan yara, fam 2 zuwa 5 kowanne. Bayansu akwai sunan mai hoto da adireshinsa da ado, amma ko ɗaya babu sunan yaron. Mai rumfar ya ce yawanci daga gidajen da aka kwashe bayan rasuwa suke zuwa masa, a kwali.

Lacock ce zangon ƙarshe. Jirgin ƙasa daga Paddington zuwa Chippenham awa ɗaya da 'yan mintuna. A sayi tikiti tun da sauran kwanaki, na ranar tafiya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Daga nan bas lamba X34, fam 2 a lokacin, tafiyar kilomita biyar. Ƙauye ne na gidajen dutse, hukumar kula da wuraren tarihi ke riƙe da shi tun 1944 da Matilda Talbot ta ba da shi kyauta. A nan ana biyan kuɗin shiga. Kakanta William Henry Fox Talbot a wannan gida ya ɗauki hoton wata taga mai ƙananan gilasai a watan Agustan 1835, nagetif mafi tsufa da ya rage a duniya, girmansa bai fi kan sarki ba. Tagar na nan. Nagetif ɗin yana Bradford, wanda ban je ba saboda gidan tarihin na rufe ana gyara.

Talbot ya ɗauki 'ya'yansa, Ela da Rosamond da Matilda da Charles, a filin gidan, don takardarsa ba ta iya aiki da hasken ɗaki. Dabarar buga hotonsa ita ce wadda za a iya gwadawa a Kano gobe. Gishiri giram 20 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa takardar auduga mai kyau, a shanya. A wuri mai duhu a shafa ruwan azurfa, giram 12 cikin mililita 100 na tataccen ruwa. In ta bushe a kifa nagetif, a danne da gilashi, a fitar rana har ta yi duhu fiye da yadda ake so kaɗan, don fiksa na rage shi. Inda ake faɗuwa: gishiri ya yi yawa, takarda ta ƙi kama haske, abin da Talbot ya gano da kansa, ruwan famfo ya sa ruwan azurfa ya yi fari ya lalace, burushi mai ƙarfe a wuya ya bar baƙin tabo, ruwan azurfa yana ƙona fata, a ido kuwa haɗari ne babba. Mafi muni shi ne gajeren wanki bayan fiksa. Tun 1855 ƙungiyar masu hoto ta Landan ta kafa kwamiti kan dusashewar hotuna, ya ɗora laifin a kan ragowar fiksa da gurɓatacciyar iska da laima. Wasu gwaje-gwajen Talbot na farko da bai sa wa fiksa ba, har yau ba a iya baje su, haske zai cinye su.

Zamanin ɗaure yara ya ƙare ne da busasshen gilashi mai jelatin a ƙarshen shekarun 1870, wanda ke kamawa cikin ƙasa da sakan ɗaya, sai kyamarar Kodak a 1888, sai ta Brownie a 1900 a kan sule biyar. Daga nan dariya da gudu suka shigo hoto.

A dawowa na jera katunan tsakanin kwalaye biyu masu tauri a jakar hannu. Na'urar duba kaya ba ta cutar da hoton da aka riga aka wanke, fim ɗin da ba a wanke ba shi take ɓatawa.

Ma'aunin gidajen tarihi, zafi wajen digiri 18 da laima kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ba zai samu a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya ba. Matsalarmu ma ba zafi kaɗai ba ne, lilo ne: da hunturu laimar Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20, hoto ya lanƙwashe ya tsage, a Agusta ta haura 70, fumfuna ta kama, hoto ya manne da gilashin firam. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage lilon. A zaɓi ɗakin tsakiya, nesa da kicin da bangon da rana ko ruwa ke duka, sama da ƙasa saboda gara. Robar ajiya mai murfi da ke kamawa, da ƙunshin sinadarin tsotse laima mai canza launi lokacin damina. Kowane hoto da takardarsa marar asid ko leda ta foliyesta, ban da ledar albam mai warin roba, ban da albam mai danƙo. Kada a yi laminatin, kada a liƙa salatif, dukansu ba sa cirewa ba tare da sun tafi da fuskar hoton ba. Wanda ya manne da gilashi kada a ja, a ɗauke shi ta cikin gilashin yadda yake. A yi sikanin gaba da baya a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a rataya kwafi a falo, asalin ya koma duhu. A baya kuma, da fensir mai laushi, a gefe, ba tare da dannawa ba: sunan yaro, sunan iyaye, gari, shekara, da mai hoton in an sani. Biro yana ratsa takarda.

Katunan Portobello su suka fara nuna zuwan hunturu, tun kafin leɓe ya fara tsagewa suka soma lanƙwashewa. Na cire ƙunshin tsotse laima daga robar, na shimfiɗa su tsakanin takardun auduga, na ɗora kwali mai ɗan nauyi a kai, na rufe. Sai damina ta kama zan maida ƙunshin.